Abin da ke Ƙarƙashin Agogon Malam

Dukanmu na Allah ne, kuma Malam, maigidana, ya riga ni komawa gare shi. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Ni ban iya rubutu ba, ko ajami ko boko. 'Yar ƙanena da ta zo Umra daga Kano ita ke riƙe da alƙalami, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata duk inda kuka ya ci ƙarfina ta jira ni, kada ta cike wurin da maganarta.

Kwana uku aka yi ana zaman makoki a nan Aziziyya, maza a kan kujeru a ƙofar bene, mata a ciki tare da ni. Ranar farko gidan ya cika har matakala. Tsofaffin maƙwabtanmu na Nakkasa, waɗanda rusau ya warwatsa ko'ina cikin Makka, duk sun zo, wasu da sanda, wasu a keken guragu. Rana ta biyu kujeru suka fara zama babu kowa a kai. Matan da suka shigo suna yi mini gaisuwa, amma idonsu ba ya kan fuskata, yana kan hannuwana. Wata da muka yi shekara talatin muna aron turmi a tsakaninmu ta kama hannuna na dama kamar mai lallashi, sai na ji ta ɗan ture hannun rigata sama, ta leƙa, ta mayar. A nan na san maganar ta fita.

Da la'asar aminin Malam ya zo, mutumin da suka yi shekara arba'in suna cin shinkafa a tire ɗaya. Ya tsaya a bayan labule, bai zauna ba.

"Hajiya, ya haƙuri?"

"Mun gode wa Allah, Alhaji. A kawo maka gahawa."

"A'a, bar shi." Sannan ya ce, "Hajiya, ni dai na ga abin da na gani. Allah ya jiƙan Musulmi."

Bai ce Allah ya jiƙansa ba. Ya ce Allah ya jiƙan Musulmi, ya juya ya sauka. Saboda wannan addu'ar na kira 'yar nan na ce ta kawo takarda.

Ga abin da ya gani. Shi ne ya kai Malam asibiti a motarsa. Da za a sa masa ƙarin ruwa sai aka kwance agogon hannunsa na dama, agogo mai faffaɗan maɗauri na fata wanda duk Nakkasa ba wanda ya taɓa ganinsa ba shi a ɗaure. A ƙarƙashinsa, a cikin wuyan hannu, akwai ɗan zane shuɗi, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Gicciye ne, alamar Nasara. A garin da wanda ba Musulmi ba bai isa ya taka ƙasarsa ba, balle a binne shi a ciki.

Ni na san da shi tun ina amarya 'yar kwana bakwai. Na ɗauki buta ina zuba masa ruwan alwala, ya kwance agogon, ya miƙo hannun a gabana da gangan. Butar ta suɓuce mini. Na tashi zan gudu gidan mahaifina, ya ce, "Zauna, 'yar Abeshe. Ki ji, sannan ki gudu." Haka yake kirana, don ta Abeshe, a ƙasar Chadi, iyayena suka biyo da ni ina goye.

Shi ma a ƙafa aka taho da shi daga ƙasar Hausa, yana da shekara shida ko bakwai. Mahaifiyarsa ta rasu a hanya. A Umdurman, a ƙasar Sudan, zazzaɓi ya kama shi tare da mahaifinsa, ayari ya jira kwana biyu ya wuce. Wanda ya buɗe musu ƙofa wani tsoho ne Baƙibɗe, mai sayar da yadi, cikin Nasaran Masar da suka zauna a can. Uban ya rasu a zauren tsohon. Kafin ya cika ya riƙe hannun mai gidan ya ce yaron nan amana ne, Musulmi ne, kuma Makka za shi. Tsohon ya amsa. Amma matar tsohon ta taɓa rasa ɗa mai irin shekarun, da ta ga yaron ya kusa bin ubansa sai ta kira mai allura da shuni aka yi masa zanen da suke yi wa 'ya'yansu, don in ya mutu a san yana da mutane. Malam ya ce abu na farko da ya ji da ya farfaɗo shi ne faɗan tsohon da matarsa, yana cewa ta sa shi cin amanar mamaci. Washegarin da ya iya tafiya, tsohon da kansa ya kai shi makarantar allo ya damƙa wa malami. Shekara shida ya yi a gidan nan, da safe allo, da rana shago. Ba a taɓa kai shi cocinsu ba. Da wani ayarin Hausawa ya zo wucewa Sawakin, inda ake hawa jirgin ruwa zuwa Makka, tsohon ya ɗinka masa riga biyu ya sa shi cikin ayarin, yana kuka matar tana kuka.

Ban gudu ba. Amma daga ranar nan ban sake kwana da cikakken kwanciyar hankali ba, shekara hamsin da uku.

Mutane sun san Malam da abubuwa da yawa. Sun san shi da tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya, a tukubarsa ta kan gangaren Nakkasa, da yajinsa da ba ya yarda kowa ya daka sai ni. Sun san duk wanda ya ga ya tsaya nesa da wuta yana kallon hayaƙi, sai ya ce, "Kai, zo ka ɗanɗana mini gishiri," ya miƙa masa tsinke uku. Sun san ba ya alwala a masallaci, kullum da alwalarsa yake fita daga gida, suna cewa tsantseni ne. Tsantseni ne, amma har da agogon. Da farko wata fata yake ɗaurawa, har ranar da wani mai wa'azi ya tare shi a kasuwa ya ce laya ce, ya cire. Ya dawo gida gumi na zuba, washegari ya sayi agogo.

Sun kuma san shi da labarin gardamar Nasaran farko. Wannan daga wurin tsohon ya samo shi, don tsohon mai karatu ne a cikin mutanensa, kuma in kasuwa ta yi sanyi ba shi da abokin hira sai yaron. Malam yana yanka nama yana ba da labarin kamar a unguwarmu aka yi. Yakan ce bayan an ɗauke Annabi Isa da shekara wajen ɗari uku, mabiyansa suka rabu a kan tambaya ɗaya: wanene shi? Wani limami a Iskandariya ya ce Almasihu halitta ne, shi ne mafi girman halitta, amma akwai sa'ad da babu shi. Ya mayar da maganar waƙa, har masu jirgin ruwa da masu niƙa suna rerawa. Wasu suka tashi suka ce a'a, zatinsa da na Allah ɗaya ne, bai da farko. Abin ya kai har sarkin Rum ya tara manyan limamansu daga ko'ina, cikinsu akwai masu ido ɗaya da masu ɗingishi, saboda azabar da sarakunan baya suka gana musu a kan addininsu. Aka yi ta ja, masu cewa zati ɗaya suka rinjaya, aka kori limamin nan daga ƙasa. Bayan 'yan shekaru wani sarki ya zo, aka dawo da korarru aka kori masu kora.

"Ka je sayen gurasa," in ji Malam, yana barbaɗa ƙuli, "ka ce a ba ka biyu, mai gurasa ya ce tsaya tukuna, Uba ya fi Ɗa ko daidai suke?"

Masu jiran nama su yi ta dariya. Aminin nan nasa ya fi kowa dariya, yakan ce, "To kai da za ka ba mu naman ba tare da tarihi ba, da mun gode."

Sannan ya ci gaba da na uku, Ruhu, yadda aka zo aka ce uku ne cikin ɗaya, da yadda daga baya suka sake rabuwa a kan ko ɗabi'a ɗaya ce a jikin Almasihu ko biyu, ta Allah da ta mutum. A wannan rabuwar mutanen tsohon suka ware, aka yi ta tsananta musu. Ni ban taɓa riƙe sunayen ba. Abin da na riƙe shi ne yadda nake bayan labule ina daka yaji, ina cewa a raina yau wani zai tambaya a ina mai tsire ya san wannan duka.

In an tambaye shi nasa ra'ayin ba ya kwana-kwana. Yakan ce, "Annabi Isa bawan Allah ne, manzonsa ne, ɗan Maryamu. A kan wannan zan mutu." Abin da ba ya yarda da shi shi ne a mayar da su mahaukata. Wata rana ɗanmu na fari, lokacin ya fara zama gaban malamai gemunsa ya fara tsiro, ya ce a gaban mutane, "Abuya, halas, ya isa haka. Mene ne amfanin labarin ɓatattu? Mutanen da ba su iya ƙirga ɗaya ba."

Malam ya ajiye wuƙa. "Sun iya ƙirga ɗaya. Tsoro ne ya sa su faɗa. Limamin Iskandariya yana tsoron kada ya raba Allah biyu. Waɗancan suna tsoron in wanda suka dogara da shi halitta ne kamarsu, to wa zai cece su? Ka ce sun yi kuskure, ni ma na ce. Amma mutumin da aka ƙwaƙule wa ido bai bar abin da ya riƙe ba, ba da wasa yake ba. Mu ma an yi zamanin da aka yi wa malamanmu bulala a kan ko maganar Allah halitta ce. Malaminka bai kai ka nan ba tukuna?"

"Ka haɗa mu da su?"

"Na haɗa tsoro da tsoro. Ɗauki tsinken nan ka juya, yana ƙonewa."

Yaron ya yi wata biyu ba ya zuwa tukuba. Shi bai san da zanen ba, babu ɗaya cikin 'ya'yanmu da ya sani.

Faɗanmu mafi girma ni da Malam a kansa ne. Wata shekara muka yi aikin Hajji tare. Gari ya waye mana a Muzdalifa, mutane na turereniya wajen motoci, maza duk kafaɗa da hannu a buɗe cikin harami. Wani ya fizge shi a cikin cunkoso, maɗaurin agogon ya tsinke, agogon ya faɗi ƙarƙashin ƙafafu. Na ga hannun tsirara a tsakiyar dubban alhazai. Ban san lokacin da na yage bakin mayafina da haƙori na naɗe masa ba. Sai ga wani alhaji mai kirki, ya ce shi likita ne, a kwance ya duba ciwon. Na ce an riga an sa magani. Ya ce tsumma zai sa ya ruɓe. Ya kama hannun. Wallahi da motarsu ba ta yi ƙaho ba a lokacin, ban san abin da zai faru ba. Na yi ƙarya a cikin harami, a Muzdalifa, kuma har yau tana damuna.

Da muka koma gida na hura gawayi, na sa wuƙar yankan nama a ciki har ta yi ja, na kawo masa.

"Malam, sau ɗaya ne. Ka runtse ido. Tabon ƙuna a hannun mai tsire, wa zai tambaya?"

Ya dubi wuƙar, ya dube ni. "Mayar da ita."

"In aka gani fa? Su ɗauke ka, su kore mu da 'ya'ya, mu je ina? Ko kana son abin ne?"

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Ya ce, "Ba ni na sa ba, kuma Allah ya ga lokacin da aka sa. Ayarinmu na masu salla ya wuce ya bar ni. Matar da ta yi wannan ta yi kuskure, amma ta yi ne don kada a jefa ni rami kamar wanda ba shi da kowa. Ban karɓi addininta ba. Ba zan kuma ƙone hannunta daga jikina ba."

Na ce masa taurin kai zai hallaka mu. Na yi kwana huɗu ban yi masa magana ba. Amma ruwan alwala ban fasa zuba masa ba, don ba wanda zai zuba sai ni.

Bayan rusau ya ci gidanmu da tukubar, muka dawo Aziziyya wurin ɗanmu na fari. Malam ya rasa masu sauraro. Yakan zauna ta taga yana kallon motocin alhazai, jikinsa yana raguwa. Ciwon ajalin kwana shida ya yi. A rana ta biyar, da hantsi, zazzaɓi ya hau kansa, ya fara magana da Larabcin Sudan, da wata murya ta tsofaffi wadda ba tasa ba. Na kasa kunne. Yana cewa Almasihu haifaffe ne, ba halitta ba. Yana cewa haske ne daga haske. Sai ya yi shiru kamar mai jiran amsa, ya motsa baki a hankali ban ji me ya ce ba, sannan muryar tsohon ta dawo.

'Yar nan, rubuta wannan yadda na faɗa, kada ki gyara. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba. Ba tsoron hukuma ba, ba tsoron maƙwabta ba. Na ce a raina, ashe abin yana ciki? Ashe shekara hamsin da uku da wa nake zaune? Na kama kafaɗarsa na girgiza, na sa bakina a kunnensa ina maimaita kalmar shahada da ƙarfi, ba irin yadda ake laƙƙana wa mara lafiya ba, irin yadda ake tuhumar mutum.

Ya buɗe ido. Idon ya washe, ya gane ni. Ya ce da Hausa, "Tsohon ne ya zo. Muna gardamarmu, shi ya faɗi nasa ni in faɗi nawa." Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ke ma, 'yar Abeshe?"

Ban amsa ba. Shi kuma ya koma barci. Da yamma numfashinsa ya sarƙe aka tafi da shi asibiti, aka shiga da shi inda ba a barin kowa. Washegari kafin azahar ya cika, babu ɗayanmu a kansa. Ban san kalmarsa ta ƙarshe ba. Abin da na sani shi ne, abu na ƙarshe da ya gani a fuskata shakka ce.

Aka wuce da shi ɗakin wankan gawa. Mata ba sa zuwa. Na zauna a kan darduma tsakanin azahar da la'asar, na san yanzu hannun yana buɗe, ɗana na fari yana tsaye a kai. Duk motar da ta tsaya a ƙasa sai in ce ga shi an dawo mini da shi, an ƙi yi masa salla. Na kasa ko jan carbi.

Sai bayan magariba ɗana ya shigo, ƙurar maƙabarta a ƙafarsa. Ya rufe ƙofa, ya durƙusa, ya ajiye agogon a gabana.

"Ummi, kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin a haife ka."

Ya rufe fuska. Ya ce a ɗakin wankan ya gani. Mai wankan, wani dattijo mutumin Chadi, ya ɗaga hannun ya duba, ya dube shi ya ce, "Kai ne ɗansa? Wa ya koya maka salla?" Ya ce shi. "Ka taɓa ganin ya bar ta?" Ya ce ko sau ɗaya. Dattijon ya ce, "To ni an ce in wanke mai salla. Zuba ruwa." Ɗana ya ce shi ya karɓi hannun daman da kansa ya yi masa alwala.

"Na so in dirje wurin, Ummi. Na ɗauki sabulu. Sai na kasa. Na wanke sau uku kawai na ajiye."

An yi masa salla a Harami bayan la'asar, sahu bayan sahu na mutanen da ba su san shi ba. An binne shi a Makka, inda mahaifinsa ya ce za shi. Tsohon Umdurman ya cika amanarsa. Ba ni da ilimin da zan san abin da Allah zai yi da shi da matarsa, na bar su a hannun wanda ya ga zauren nan.

Da na ce za a rubuta wannan, ɗana ya ce, "Ummi, an riga an rufe shi, a bar maganar. Zamanmu a ƙasar nan da takarda ne." Gaskiyarsa, kuma har yanzu in aka ƙwanƙwasa ƙofa gabana faɗuwa yake. Amma ɓoyon da na yi shekara hamsin da uku shi ya sa aminin Malam ya ga abu rana ɗaya ya manta shekara arba'in. Jiya ɗana ya dawo ya ce in an gama rubutun shi zai kai wa Alhaji da hannunsa, ya tsaya har a karanta masa. Ba na neman komai a wurin Alhaji sai ya gyara addu'arsa, ya ce Allah ya jiƙansa. Matan da suka leƙa hannuna kuma na yafe musu, don ni ma na leƙa zuciyarsa a ranar da ya fi bukatata.

Ya Allah, ka yalwata masa kabarinsa, ka tsayar da harshensa a wurin tambaya, ka haɗa shi da iyayensa da suka faɗi a hanyar ɗakinka ba su iso ba. Ni kuma ka yafe mini ƙaryar Muzdalifa da shirun da na yi masa.

Saura abu ɗaya, 'yar nan. Ya yi mini tambaya ban amsa ba, to rubuta amsar. I, Malam, ni ma na ji tsoro. Amma ni na riƙe butar. Sau biyar a rana na ga hannun nan a buɗe, na ga ruwa yana bi ta kan zanen, na ga inda ka fuskanta bayan ka tashi. In an tambaye ni a duniya ko a kabari, abin da zan faɗa ke nan.